Kurakuran da aka fi yi wajen auna aikin ƙaramar hukuma

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Tun daga nan tambayar "me aka yi mana da shi?" ta ƙara nauyi, a Zariya da Sabon Gari kamar ko'ina. Sai dai mizanin da muke auna amsar da shi yakan zo a karkace.

Babban kuskure shi ne lissafa abin da aka gina a maimakon abin da ke aiki. Rahoto zai ce an haƙa burtsatse kaza, an yi wa ajujuwa kaza fenti, a tafa a watse. To, nawa ne ke ba da ruwa a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe? A koma bayan wata shida a ƙirga masu aiki, wannan adadin shi ne na gaskiya.

Haka abin yake a asibitin sha-ka-tafi. Yawan jariran da aka yi wa allurar farko ta Penta, rigakafin cututtuka biyar, suna da mako 6 ba ya nuna ƙoƙarin ma'aikata sosai. Abin dubawa shi ne nawa aka dawo da su suka karɓi ta uku a mako 14. In giɓin ya yi yawa, akwai dalili: ko uwa ta zo ta tarar babu allura, ko an yi mata tsawa, ko kuɗin keke-napep ya gagara. Wannan giɓin ya fi damuna, domin kowace lamba a cikinsa ɗan wani ne. Awon ciki ma haka: a duba mata nawa suka zo sau huɗu ko fiye, kada a tsaya kan rajistar ranar farko.

Sai kuskuren haɗa mazaɓu 13 na Zariya a jimla ɗaya. Tudun Wada da Gyallesu na iya ɗaga adadin ya yi kyau a takarda, alhali ƙauyukan Wucicciri da Dutsen Abba na baya. A fitar da alƙaluman kowace mazaɓa daban. A kuma tuna ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, don haka duk "kashi kaza cikin ɗari" a kan hasashe aka gina shi. Gara a gwada da lissafin gida-gida na masu rigakafi.

Kada kuma a bar mai aiki ya ba kansa maki. Shugaban makarantar da ya san za a hukunta shi kan raguwar ɗalibai zai cika rajista da sunaye. A shiga aji ba tare da sanarwa ba, a ƙirga yaran da ke zaune, a miƙa wa ɗan aji huɗu littafi ya karanta. Kwamitin kula da makaranta da masu unguwanni su sa hannu kan abin da aka gani, kafin takardar ta tafi sakatariya.