Yadda ake kama bayanin ƙarshe na kanel ɗin Linux da ke yawan sake kunna kansa

Kwamfutar da ke mutuwa ta tsaya cik ta fi sauƙin sha'ani, domin za ka iya zuwa ka ɗauki hoton abin da ke kan allo. Wadda ke ba ni wahala ita ce mai mutuwa da tsakar dare ta sake tashi da kanta, da safe ka same ta garau kamar ba abin da ya faru. Ka buga `journalctl -k -b -1` don ganin abin da kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa sassan injin, ya rubuta kafin tashin nan, sai ka tarar bayanin ya yanke a tsakiya ba tare da ko kalma ɗaya ta ƙorafi ba. A wasu injinan ma ba za ka ga komai ba sai an ƙirƙiri `/var/log/journal`, don in babu shi, bayanan a RAM suke zama, su tafi da tafiyar wuta.

Dalilin yankewar a fili yake. Idan kanel ya firgita, wato abin da ake gani da "Kernel panic", ya daina yarda da kansa. Ba zai rubuta komai a kan faifai ba, don gudun kada ya ɓata maka fayiloli, kuma manhajar da ke kwashe saƙonni tana adanawa ta riga ta tsaya. Saboda haka layukan da ka fi buƙata su ne ba sa kaiwa faifai. Maganin da na fi dogara da shi shi ne netconsole. Ingo Molnar ne ya fara rubuta shi a 2001, Matt Mackall ya sake gina shi don kanel 2.6. Aikinsa ɗaya ne: duk layin da kanel ya furta, ya tura shi nan take zuwa wata kwamfutar ta UDP, hanyar aika saƙo da ba ta jiran amsa. Yana magana da direban katin sadarwa kai tsaye ta wata hanyar cikin kanel da ake kira netpoll, shi ya sa yake iya aikawa ko bayan sauran sassa sun durƙushe. Kamar mai jinya ne da ke faɗa wa maƙwabci wasiyyarsa ta kan katanga tun bai cika ba.

Kafin ka taɓa shi, buga `sysctl kernel.panic` ka ga lambar da za ta fito. Wannan lambar ita ce daƙiƙun da kanel zai jira bayan firgita kafin ya sake kunna inji. Idan 0 ce, ba zai sake kunnawa ba ko kaɗan, tsayawa zai yi. To idan ka ga 0 kuma injin yana tashi da kansa, tun daga nan ka fara zargin wani abu daban: wuta, zafi, ko na'urar sa ido ta watchdog da ke kashe inji idan ya daina amsa mata. Mutane da yawa suna tsallake wannan tambayar, alhali ita kaɗai tana rage rabin aiki.

Kana buƙatar kwamfuta ta biyu da za ta kwana a kunne, kuma kada ta kasance kan layin wuta ɗaya da mara lafiyar, wato kwamfutar da ke faɗuwa. Tsohuwar laftof mai batir mai kyau ta isa. Haɗa mara lafiyar da kebul, domin galibin direbobin Wi-Fi ba sa aiki da netpoll. A misalin nan mara lafiyar ita ce 192.168.1.20 mai kati `enp3s0`, mai karɓa kuma 192.168.1.30. A kan mai karɓa:

`socat -u udp-recv:6666 - | ts | tee -a kanel.txt`

`nc -u -l 6666` ma yana yi, sai dai wasu nau'o'insa suna son a sa `-p` kafin lambar. Na fi son haɗawa da `ts` na kunshin moreutils saboda yana manna ainihin lokaci a kowane layi. Lokacin da kanel ke sawa daƙiƙu ne tun daga tashin inji, ba zai gaya maka ƙarfe nawa abin ya faru ba. Ka buɗe 6666 ta UDP a katangar tsaron mai karɓa, in ba haka ba ka kwana kana jiran saƙon da ake zubarwa a bakin ƙofa.

A kan mara lafiyar, fara nemo adireshin MAC na mai karɓa, wato lambar shaidar katin sadarwarta: yi mata `ping`, sannan `ip neigh`. Daga nan:

`sudo modprobe netconsole netconsole=6665@192.168.1.20/enp3s0,6666@192.168.1.30/aa:bb:cc:dd:ee:ff`

Ka sa MAC ɗin gaske a madadin na misalin. Ɓangaren da ke kafin waƙafi na mai aikawa ne, na bayansa na mai karɓa. A nan akwai wurare biyu da ake yawan tuntuɓe. Idan mai karɓa ba ta cikin rukunin adireshi ɗaya da mara lafiyar, MAC ɗin rawuta za ka sa, ba nata ba, domin netconsole ba ya neman hanya, inda ka nuna masa nan yake jefawa. Idan ka bar gurbin MAC fanko kuma, zai watsa wa kowa da ke kan layin. Na biyu, idan katin yana ƙarƙashin gadar sadarwa (bridge) ko an ɗaure shi da wani katin (bond), kamar yadda ake yi a injinan da ke ɗauke da kwamfutocin gwaji a cikinsu, zai ƙi karɓa ya ce katin bawan wani ne. Sunan gadar za ka ba shi. `dmesg | tail` zai nuna maka ko ya tashi.

Sai batun matakin surutu. Kanel yana da matakan saƙo daga 0, mafi gaggawa, zuwa 7, kuma netconsole yana tura abin da ya cancanci fita a allo ne kawai. Yawancin nau'o'in Linux suna tashi da `quiet`, wanda ke danne gargaɗi. Ita firgitar kanta za ta fito ko yaya, amma gargaɗin da ya gabace ta da minti biyar, wanda sau da yawa shi ne ke ɗauke da sunan mai laifi, ba zai fito ba. Buga `sudo dmesg -n 8` don a saki komai.

Yanzu ga abin da nake roƙon ka kada ka tsallake: gwaji. Fara da mai sauƙi, `echo gwaji | sudo tee /dev/kmsg`, ka ga kalmar ta bayyana a ɗaya ɓangaren. Bayan haka, a lokacin da ba wanda ke aiki da injin, buga `sync`, sannan `echo c | sudo tee /proc/sysrq-trigger`. Wannan zai kashe kanel da gangan. Ya kamata ka ga cikakken bayanin firgita ya zubo a mai karɓa. Na dage a kan wannan ne saboda abin da zai biyo baya: idan injin ya sake faɗuwa netconsole bai ce komai ba, shirun nan hujja ce babba, amma fa sai idan ka riga ka tabbatar da idonka cewa hanyar tana isar da saƙo a lokacin mutuwa. In ba ka gwada ba, ba za ka san ko kanel ne bai yi magana ba ko kuwa kai ne ba ka ji ba.

Gwajin zai kuma tuna maka cewa `modprobe` ba ya tsallake sake kunnawa. Sa layin `options netconsole netconsole=...` a `/etc/modprobe.d/netconsole.conf`, sa kalmar `netconsole` a wani fayil cikin `/etc/modules-load.d`, sannan `kernel.printk = 8 4 1 7` a cikin `/etc/sysctl.d`. Idan ka ga yana lodawa kafin katin sadarwa ya shirya, mai da lodin cikin ɗan aikin systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka idan inji ya tashi, da zai jira `network-online.target`. Ka kuma sani saƙonnin nan a buɗe suke tafiya, ba a rufe su da komai, don haka ka bar su a cikin gida, kada ka bi da su ta intanet.

Idan bayanin ya zo, kada ka fara daga ƙasa. "Kernel panic - not syncing" sanarwar mutuwa ce kawai. Hau sama har ka sami "BUG:" ko "Oops" ko "general protection fault" na farko. Layin `RIP:` yana nuna aikin da kanel ke ciki lokacin da ya faɗi, kuma idan a cikin wani direba ne, sunan direban yana ƙarshen layin. `Call Trace` na nuna hanyar da aka bi aka iso nan. Duba haruffan da ke bayan `Tainted:` ma. P na nufin an loda direban da ba a buɗe lambarsa ba, O na nufin wanda ba daga cikin kanel ya fito ba, M kuma na nufin firosesa ta taɓa kai ƙarar matsala a kayan injin kansu. Idan akwai P ko O, cire wannan direban ka sake jira, domin masu kula da kanel ma abin da za su fara ce maka ke nan.

Faɗuwa ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba, tara kaɗan ka jera su. Idan `RIP:` ɗaya ne kullum, matsalar manhaja ce: koma tsohon kanel daga jerin GRUB da ke fitowa lokacin kunna inji, idan ta lafa ka san sabuntawa ce ta kawo ta, kuma kana da bayanin da za ka kai rahoto da shi. Idan kuwa yau a direban faifai ya faɗi, gobe a na sadarwa, jibi a wani wuri, da wuya a ce duk waɗannan sassa sun lalace tare. RAM ce abar zargi ta farko. Bar memtest86+, mai gwada RAM, ya kwana yana zagayawa, ka kuma gwada sandunan RAM ɗin ɗaya bayan ɗaya. Layin da ke ɗauke da "Hardware Error" kuwa ya riga ya faɗa maka inda za ka duba.

Akwai lokacin da inji ke sandarewa ba tare da firgita ba har watchdog ya kashe shi. Sa `kernel.softlockup_panic=1` da `kernel.hardlockup_panic=1` da `kernel.panic_on_oops=1` a cikin `/etc/sysctl.d`, don sandarewar ta koma firgita mai bayani.

Idan duk da haka shiru ne, layin ƙarshe na yau da kullum sai kuma saƙonnin sabon tashi, to kanel bai sami ko damar buɗe baki ba, an fizge masa wuta ne ko an sake kunna shi daga ƙasa. A nan lokacin da `ts` ya manna yake amfani. Na taɓa ganin injin da faɗuwarsa ke dacewa da sa'ar da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareta, ashe batirin UPS ɗinsa ne ya gaji. Kwatanta lokutan faɗuwar da lokutan ɗauke wuta, duba zafi da `sensors`, buɗe akwatin ka ga ko ƙurar hunturu ta toshe fanka, sannan ka canza akwatin wutar injin da wani da ka tabbatar da lafiyarsa. Ka leƙa `/sys/fs/pstore` ma bayan tashi, domin a injinan UEFI da yawa kanel yana ajiye guntun bayanin firgita a can, kuma zai taimaka idan direban katin sadarwar ne da kansa ke faɗuwa, wanda shi ne yanayin da netconsole ba zai iya kai saƙo ba.