Yadda nake karɓar aikin gyaran fassarar na'ura

Tun da ChatGPT, manhajar nan mai rubutu da fassara da kanta, ya fito a ƙarshen 2022, kamfanonin waje da ke turo mana aikin fassara ta intanet sun sauya salo. Yanzu na'ura ce ke fara fassarawa, a turo maka ka gyara, kuɗin kowace kalma kuma a zaftare shi.

Kada ka yi saurin cewa to. Ka nemi shafi ɗaya ka gani tukuna. In na'urar ta kwafsa sosai, gyaran ya fi sabuwar fassara cin rai, sai ka ce a biya ka da awa, ko a bar ka ka fassara daga tushe.

In ka karɓa, buɗe asalin rubutun gefe da gefe. Hausar na'ura takan zo sumul, a nan haɗarin yake: jimla ta yi daɗin karatu alhali ta yar da rabin ma'anar. Ni lambobi nake fara bi, musamman a takardun lafiya, adadin ƙwaya da sau nawa a rana. Sai jinsi. Takardar da aka rubuta wa masu juna biyu, sai ka ga tana cewa "ka sha maganinka". Daga nan ƙugiyoyin ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda takan zubar.

Takardar kamfani kuwa, kada ka liƙa ta a ChatGPT sai da izininsu a rubuce. Yawancin yarjejeniyoyin sirri da muke sa wa hannu sun hana.