Yadda Za a Nuna wa Ɗaliban Ƙaramar Sakandare Cewa Ganye Yana Haɗa Abinci da Hasken Rana

Malamai da dama sun yi ta tambayar yadda ake wannan gwaji. Ga matakan, kuma a bar yara su yi da hannunsu, malami yana tsaye a kai.

1. A ajiye shukar tukunya a wuri mai duhu awa 48. Kada a gajarta lokacin, don in tsohon sitaci, wato abincin da ganye ya haɗa ya ajiye, bai ƙare ba, duk ganyen zai rine a matakin ƙarshe, gwajin ya lalace.
2. A rufe tsakiyar ganye ɗaya da baƙar takarda, sama da ƙasa.
3. A fitar da shukar rana awa 6.
4. A tsinke ganyen, a cire takardar.
5. A tsoma shi cikin tafasasshen ruwa minti 1.
6. A kashe wuta. Hattara: sinadarin itanol yana kama wuta nan take, kada ya kusanci harshenta.
7. A saka ganyen cikin kwalbar gwaji, a zuba itanol ya shanye kansa.
8. A tsayar da kwalbar cikin ruwan zafin nan har ganyen ya yi fari. Itanol yana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Celsius, ruwan zafi ya ishe shi.
9. A ɗauraye ganyen da ruwan ɗumi, don itanol yana sa shi ya yi tauri, yana iya karyewa.
10. A shimfiɗa shi kan farin faranti.
11. A ɗiga aidin, sinadarin da ke komawa shuɗi mai duhu in ya taɓa sitaci, ko'ina a kansa.

Inda rana ta taɓa zai koma shuɗi mai duhu, inda takarda ta rufe kuwa launin aidin kawai zai nuna. Kada malam ya yi saurin faɗin dalili, a tambayi yaran tukuna.