Darasi na 9: Tsakuwa a Mafitsarar Kyanwa

Ga muzuru ya tsuguna a inda ya saba fitsari. Ya yi ta yunƙuri yana kuka, ɗigo biyu kawai suka fito, su ma da jini-jini. Ya tashi ya lashe gabansa, can kuma ya sake komawa. Mai shi zai ɗauka kashi ne ya ƙi fita. Sau da yawa tsakuwa ce a mafitsara.

Sinadaran da ke cikin fitsari ne ke dunƙulewa su zama tsakuwa, musamman ga kyanwar da ba ta shan ruwa sosai. Mace da namiji duk suna yi, amma muzuru ya fi shiga haɗari, domin hanyar fitsarinsa siririya ce. Idan ta toshe, ƙoda ta kan gaza, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya mutuwa. Don Allah kada ku kwana da muzurun da ya kasa fitsari. Ku kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Likita zai ɗauki hoton ciki, ya gwada fitsari. Iri biyu na tsakuwa ne suka fi yawa. Mai suna siturubait takan narke da abinci na musamman cikin 'yan makonni. Ita kuwa kalsiyam okzalet ba abin da ke narkar da ita, sai tiyata.

Ranar aiki za a sa kyanwar barci, a aske mata mara, a tsaga. Likita ya buɗe mafitsara, ya kwashe tsakuwar, ya wanke ciki da ruwan gishiri na asibiti, sannan ya ɗinke. Akan sake ɗaukar hoto, domin ƙwaya ɗaya da aka bari ta isa ta sake toshe hanya. Tsakuwar kuma a aika da ita ɗakin gwaji a san irinta.

A gida, ɗan jini a fitsari na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Ku bar mata abin wuyan da likita ya sa mata, mai kama da mazurari, ko da ba ta so, don kada ta cire ɗinkin da haƙori kafin kwana 10 zuwa 14. Kada ku ba ta farasitamol, guba ce ga kyanwa. Ku ajiye ruwa mai tsabta a wurare biyu ko uku, ku riƙa ba ta abinci mai damshi, domin tsakuwa tana dawowa.

Aikin gida: Rubuta alamu uku da ka gani a jikin muzurun nan, ka karanta wa na kusa da kai.