Yaro ya yi shiru, ya daina fita fada: ga yadda za ka taimake shi

Iyaye da yayye na Yamai, don Allah mu yi maganar nan. Yaro ɗan shekara 15 ko 16 da ka sani da surutu, kullum yana fada wajen shayi da abokai, sai ka ga ya shige ɗaki ya juya fuska ga bango, abinci sai ya ɗan taɓa ya ture kwano, dare ya raba yana ta latsa salula ba barci, lakkol ma sai an yi da gaske yake tashi. Mu kuma abin da ya fi zo mana a baki shi ne lalaci ne, ko iskanci, ko an yi masa asiri. Alhali sau da yawa ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne na gaske mai magani. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kafin shekara 14 suke somawa. Ke nan ko a layinku akwai su.

Ka fara da lura da lokaci. Ɓacin rai na kwana biyu don an faɗi jarabawa ko an yi faɗa da aboki, wannan kowa na yi. Amma in ya kai sati 2 ko fiye kusan kullum haka, ba walwala, abin da yake so da can ya fita ransa, ga rama ga yawan cewa kai na ciwo, to lokacin zama da shi ya yi.

Zaman nan shi ne wurin da muka fi ɓata abu. Kar ka kira shi gaban ƙannensa, kar ka tara kawu da gwaggo kamar za a yi shari'a. Ka nemi lokacin da gida ya yi tsit, bayan isha'i misali, ka shimfiɗa tabarma ka zauna kusa da shi, ko ka ce ya raka ka kanti ku taka a ƙafa, wasu yaran sun fi sakin baki in ba a kallon idonsu. Ka ce "ɗana, na ga kwanan nan ba ka jin daɗi, mi ke damunka?" sai ka yi shiru. Wallahi shirun nan da wuya, bakinka zai so ya ce mu a zamaninmu mun ga abin da ya fi wannan, ka danne. In ya ce ba komi Baba, kar ka matsa, ka ce ina nan duk sadda ka shirya, gobe ka sake. In ɗiya mace ce wataƙila ta fi sakewa da Inna ko yayarta, a bar mata wadda ta zaɓa, kuma abin da ta faɗa kar a kai shi wajen biki ko suna.

In ka ji yana cewa gara ma ya mutu, ko ka ga yanka a hannunsa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka masa tunanin, sauƙi ma take kawowa. In ya ce e, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da ƙwayoyin da ke gida, a tafi asibiti ranar nan, ba gobe ba. In ya riga ya sha wani abu a kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, ko a ruga da shi urjans.

In ba na gaggawa ba ne, ku fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ka gaya wa majo, shugaban ma'aikatan wurin, komi, har da tramol ko wiwi in kana zargin yana sha, ɓoyewa ba ta taimakon kowa. Su za su duba ko akwai wani ciwo na jiki kamar ƙarancin jini, sannan su ba ku takardar zuwa gaba. A babban asibitin ƙasa akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, Pavillon E, na san sunan kaɗai na tsorata mutane, amma ba sai wanda ya fita tsirara ake kaiwa can ba, da yawa ganin likita suke su koma gida. Wani yaron magana da psikolog, masanin halayyar ɗan Adam, kawai yake buƙata, ya je randebu yana faɗin abin da ke cinsa ana koya masa yadda zai bi da tunaninsa. In likita ya ce ka jira waje, ka jira, ba raini ba ne.

Addu'a kuma a ci gaba da ita, a je wajen malam in ana so, ba ta hana asibiti. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne duka da ɗauri da sunan fitar da iska.

In an rubuta magani a saya a farmasi, ban da na ƴan tebur. Yakan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma kar a tsayar da shi don an ga yaro ya fara dariya sai likita ya ce. Ka leƙa lakkol ka sanar da mushensa ɗaya da ka amince da shi, don a ɗan sassauta masa in lokacin BEPC ko Bak ya matso.