Tazarar da ya kamata ka ba layin dogo

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, jirgin ƙasa ya fi layinsa faɗi. Tsakanin ƙarafan nan biyu a sabon layi irin na Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja milimita 1,435 ne, ko mita ɗaya da rabi bai cika ba, tsohon layin zamanin Turawa ma 1,067 ne kawai, amma jikin tarago yana leƙowa kusan mita guda ta kowane gefe. To in ka tsaya kan tsakuwar gefen nan kana cewa ai ni ban taka ƙarfe ba, wallahi kana cikin hanyarsa. Ja baya kamar mita 5, taku bakwai masu kyau kenan, masu kasa tumatur da gwanjo a bakin layi ku ma da ku nake.

Wajen tsallakawa kuwa, ko da mota kake ko mashin ko adaidaita, tsaya tukuna, cire abin kunnen nan, duba gabas duba yamma, kuma kar ka hau layi sai ka ga akwai gurbin da zai ɗauke ka a ɗaya gefen, don a gosulo ne mutane ke maƙalewa a tsakiya, shi kuwa direban jirgi ko ya hango ka ba shi da sitiyarin kaucewa, jirgin kaya mai nauyi yana iya cin fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya bayan an ja birki. In mota ta mutu maka a kai kowa ya fito, ku yi nesa da layin, kuna karkata wajen da jirgin ke tahowa, saboda tarkacen motar wajen da jirgin ya nufa yake watsuwa.

Gadar jirgi ba ta ƙafa ba ce. Da yawansu ba wurin raɓewa, in jirgi ya ritsa ka a tsakiya sai dai faɗawa ƙasa, gara ka zagaya komai nisa.

Shingen waya kuma don Allah a daina yanka shi ana yin yanke, ƙofar da ka buɗe yau gobe yara da awaki ne za su bi. Masu shanu a nemi mashiga ta ƙarƙashi ko wurin da aka ware. In kuma fili za ka saya kusa da layi, kafin ka biya ko ka sa bulo ɗaya je ofishin reluwe su nuna maka inda iyakarsu ta tsaya, kar ka tsaya kan maganar dillali.