Darasi na 9: Gano Yoyon Baƙin Mai Daga Famfon Iskar Birki a Motar Dizal

Duk direban da ke ɗaukar kaya daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege ko Idi-Araba ya san cewa a gosulon Legas ƙafa ba ta rabuwa da birki. Abin da ke sa birkin ya taku da sauƙi shi ne baƙar tukunyar nan da ke bayan tankin man birki, wadda makanikai ke kira sarbo. Sarbo ba ya aiki sai an zuƙe iskar cikinsa. A motar fetur inji da kansa ke zuƙewa. Injin dizal ba ya iya wannan, shi ya sa aka haɗa masa ɗan famfo na musamman.

Famfon nan baƙin man inji ne ke sa masa santsi yana juyawa. A tsofaffin Hiace da Hilux masu injin 2L da 3L, yana manne a bayan altaneto (na'urar da ke cajin batir), da tiyo uku a jikinsa: siriri mai kawo mai, mai ɗan kauri da ke mayar da man ƙasan inji, sai na iska da ya tafi sarbo. A sababbin injuna kuwa a jikin inji ake ɗaure shi, mai na shiga ta wata 'yar kafa, zoben roba na tsare bakin.

Wane mai ne ke zuba?

Lakato shi da yatsa ka goga a farar takarda. Man injin dizal baƙi ne wuluk, yana da kauri. Man gas tsinke yake, warinsa ma zai gaya maka. Man sitiyari yawanci ja ne. Man birki kuwa garau yake ko ɗan rawaya, yana gauraya da ruwa, yana kuma cin fenti. In shi ka gani, kada motar ta hau titi sai an gyara.

A wanke kafin a zargi famfo

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Mai yana gangarowa daga sama, fanka kuma tana kora shi baya, saboda haka inda ya taru ba lallai nan ya fito ba. Sau da yawa gasket ɗin murfin saman inji ne ke ɗiga a kan famfo, a je kasuwar kayan mota ta Ladipo a sayo wani, washegari yoyo na nan.

Bari inji ya huce. Wanke famfon da kewayensa da kananzir da burushi, amma kada ka kwarara a cikin altaneto. Goge da tsumma har ya bushe, sannan ka barbaɗa farar hoda ko garin alli a kan mahaɗai. Tada mota ta yi silo (inji na aiki ba a taka totur ba) na minti 10 zuwa 15, ka ɗan taka totur sau biyu ko uku, ka kashe. Haska tocila. Inda hoda ta yi baƙi a wuri mafi tsayi, nan ne tushen. Kada ka kai hannu ko hannun riga kusa da fanbel inji na aiki.

In jiƙon yana kan notin siririn tiyo, wasoshin tagulla guda 2 da ke gefensa ne suka gaji. A sa sababbi. Ƙara ɗaure tsofaffin da ƙarfi yakan cinye zaren notin. In a tiyon mayarwa ne, matsa shi da yatsu: wanda zafi ya dafa yakan sandare ya tsage daga bakin kilif. Leƙa cikinsa ma, domin in datti ya toshe shi ko ya lanƙwashe, mai zai rasa hanya ya ɓalle ta sil, wato robar da ke tare mai a jikin sandar famfo. In a tsakanin famfo da abin da aka ɗaure shi a kai ne, zoben roba ya baje.

Wanda ya fi ɓarna shi ne sil ɗin da ke raba famfo da altaneto. In ya mutu, mai na shiga cikin altaneto, ya jiƙa kabon, fitilar batir ta fara kamawa a dashbod. Cire wayar batir ta nagetif kafin ka kwance shi. A duba sandar da sil ke hawa: in ta yi zurfin zobe da farce ke ji, sabon sil ba zai daɗe ba.

Gwajin iska

Zare tiyon sarbo ka duba cikinsa. Ya kamata ya kasance a bushe. In da mai, bawul ɗin da ke barin iska ta bi hanya ɗaya ya lalace, kuma man zai ci robar cikin sarbo. Hura bawul ɗin: ta ɓangare ɗaya kawai zai wuce.

Mayar da tiyon. Inji a kashe, taka birki sau 5 har ya yi tauri, riƙe shi, ka tada mota. Feda za ta ɗan nutse. In ba ta motsa ba, famfo ba ya ja, ko tiyo na shan iska. Wanda ke da geji, wato agogon auna ƙarfin zuƙar iska, ya auna: lafiyayyen famfo yakan kai 500 mmHg ko fiye a silo. Tiyon da ya huje yana sa famfo ya yi ta tura iska cikin inji, matsi ya ƙaru, mai ya nemi mafita. Haka ma in bututun numfashin inji ya toshe.

Muna jan kunne a kan abu biyu da ake yi a bakin titi. Kada a yarda wani ya toshe tiyon mai don yoyo ya tsaya. Famfo zai bushe ya cije, birki ya yi tauri a tsakiyar hanya da kaya a baya. Kada kuma a lafta gam a fuskar famfo, domin rarar takan toshe kafar mai. Bayan gyara, a zaro sandar awo a cika mai zuwa layin sama, a sake gwajin hoda.

Aikin aji

Ku je gareji mafi kusa da malaminku, ku nemi izinin oga ya buɗe muku motar dizal. Kowa ya zana famfon a littafinsa, ya rubuta sunan tiyo ukun da inda kowanne ya nufa.